Koren Filin Kunamun Tsamiyar Kolo

Masu rubuta tarihin ƙwallon ƙafa ba su taɓa zuwa Tsamiyar Kolo ba, kuma ban ga laifinsu ba, don ko motar kasuwa sai direba yana cikin nishaɗi yake tsayawa a garinmu. Saboda haka ni zan rubuta. A gabana aka yi komai, ina tsaye a bayan raga, kuma ban taɓa buga ƙwallo ba balle a ce ina kare wani.

An kafa ƙungiyar Kunamun Tsamiyar Kolo a shekarar 2009. Wanda ya kafa ta shi ne Uwaisu mai gyaran keke, wanda ya taɓa cin rani a Kano yana sayar da rake a bakin wani filin wasa. Daga wannan tafiya ya dawo da usur, da hular hana-salla, da sunan Koci wanda shi ya raɗa wa kansa. Yakan ce manyan 'yan wasa sun sha tsayawa su nemi shawararsa. Wannan gaskiya ne. Sukan tambaye shi wane rake ya fi zaƙi.

Samun 'yan wasa bai yi wuya ba. Fili ne matsalar. A ƙasarmu babu jeji. Daga bangon gidanka gona ta fara, inda ta ƙare ta wani ta ɗauka, har ka isa Bici ba za ka sami inda za ka shimfiɗa buzu ba tare da ka danne shukar wani ba. Aka yi ta zagaye, daga ƙarshe Baba Abdulhadi, dattijo mai ƙarancin magana, ya ce a ɗauki gonarsa ta tudu. Sharaɗinsa ɗaya: aro ne na lokacin da gona ba ta da aikin yi, wato daga ranar da aka kwashe damin dawa na ƙarshe zuwa ranar da ruwan shuka ya sauka.

Haka Kunamu suka rayu shekaru. Kaka ta yi, su baje kunyoyi, su tuge tushiyar kara, su kafa sanduna. Tushiyar da aka manta, ɗan yatsan wani ne yake tuna musu da ita. Bazara ta yi, su tattara. Akwai shekarar da ruwa ya sauka ana hutun rabin lokaci, muna gaban mutanen wani ƙauye na wajen Kunci da ci ɗaya. Kafin a dawo, Baba Abdulhadi ya riga ya shiga da'irar gola da ƙwaryar iri yana shuka gero. Har yau ba a ƙarasa wasan ba, kuma har yau mu ne a gaba.

Ana nan sai kwamitin gasar ƙauyuka ya sanar cewa zai ɗauki sababbin ƙungiyoyi. Sakataren kwamitin, Malam Abdulkabir, malamin motsa jiki ne a wata makaranta a Bici. Ya aiko cewa zai zo da wata ƙungiyar Bici a buga wasan sada zumunci, ya ga filin da idonsa. Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba: ƙasa shimfiɗaɗɗiya da raga biyu.

Uwaisu ya tara 'yan wasa a ƙarƙashin rumfarsa, ya hau kan wani tsohon gargare ya tsaya.

"Ƙasa shimfiɗaɗɗiya!" ya ce. "Wannan ai kowane ƙauye yana da ita. Ku da kuke zuwa gidan kallo, kun taɓa ganin ana ƙwallo a kan ƙasa?"

Najib, kyaftin ɗin ƙungiya, ya ce, "Koci, mu a kanta muke yi."

"Shi ya sa ba a nuna ku a talabijin. Ni kore zan yi. Fili kore shar da tsakiyar rani. Mutumin Bici ya sauko daga mota ya ce, a'a, direba, ka wuce da mu Turai."

Ikrima gola ya tambaya, "Fenti za a yi mata?"

"Kai dai tsaya a raga, Ikrima. Tunani ba sashenka ba ne."

Washegari Uwaisu ya tafi Kano neman irin ciyawa. Masu sayar da iri suka yi ta turawa da shi daga rumfa zuwa rumfa, har wani ya ba shi shawarar ya koma gida ya daina noma, ciyawar za ta zo da kanta. A hanyar dawowa ya biya ta Watari gaida surukinsa. Nan ya ga gonakin noman rani shimfiɗe, kore har iya ganinka, gajeru, lif-lif, sak abin da yake gani a gidan kallo. Ya tambaya, aka ce alkama ce sabuwar tsira. Ya dawo gida da buhun iri a bayan babur da fuskar wanda ya gano wani abu da Turawa suka daɗe suna ɓoyewa.

Ya sami Baba Abdulhadi a ƙofar gida yana tufkar igiya.

"Baba, izini nake nema. Ciyawa zan shuka a fili."

Baba ya ɗago kai. "Tun ina saurayi nake cire ta daga gonar nan."

"Wannan ta zamani ce. Alkama ce, amma a matsayin ciyawa za ta zauna."

"Ita alkamar ta san haka?"

"Za ta sani."

"Ruwa fa?"

"Rijiya zan haƙa a kusurwar gabas."

"Kakana ya ce babu ruwa a tudun nan."

"Baba, Allah ya jiƙan kakanka, amma bai yi zaman Kano ba."

Baba ya ce to. Daga baya ya gaya mini cewa bai ga abin da zai rasa ba in ya zauna ya kalli mutum yana haƙa rami.

To sai ga ruwa. Ban san yadda aka yi ba, Uwaisu ma bai sani ba, amma ba a yi wani nisa can ba ƙasa ta fara danshi, sannan ruwa ya ɓulɓulo garai-garai. Uwaisu ya zagaye gari yana ba da labarin yadda ya gane wurin ta ƙamshin ƙasa. Baba Abdulhadi ya zo da kansa. Ya leƙa rijiyar, ya daɗe yana leƙe, sannan ya aika aka ɗauko masa kujerarsa 'yar tsugunne.

Uwaisu ya koma Watari aro injin ban-ruwa da mesa wurin surukinsa. Kafin ya tafi ya ce wa Najib, "Ku gyara wurin yadda zai sha ruwa, ku zuba iri." Ya yi kwanaki can, don surukin sai da aka yi ta lallashi. Da ya dawo ya sauka daga babur, ya tsaya ya cire hula.

Kunamu sun yi aiki, ba a cewa komai. Sun yanka filin nan fangali-fangali, murabba'i bayan murabba'i, kowanne da kunya mai tsayi a gefensa don riƙe ruwa. Ta tsakiya kuma, daga raga zuwa raga, sun ja babbar magudana miƙaƙƙiya.

"Najib, mene ne wannan?"

"Fangali."

"Na ga fangali. Wa ya ce ku yi fangali?"

"Koci, alkama ka ce. A ina ka taɓa ganin alkama ba fangali? Ruwan guduwa zai yi."

"A ina ƙwallo za ta gangara?"

Najib ya duba filin, ya sosa ƙeya. "Wannan ba ka ce mu duba ba."

Jama'a sun fara taruwa, saboda haka Uwaisu ya mayar da hularsa. "Madalla," ya ce da ƙarfi. "Gwada ku nake yi. Duk wanda ya lura da filin Turai a talabijin ya san murabba'i-murabba'i yake. Wani duhu, wani haske. Kun zaci ado ne? Fangali ne."

Wasu suka gyaɗa kai, don lalle sun taɓa ganin murabba'an.

Alkama ta tsiro. Ina faɗa maka, ta yi kyau. Duk faɗin ƙasar nan ta bushe ƙayau, ba komai sai kara da ƙasa, sai ga wani koren tabarma a bayan gari. Uwaisu ya manta da abu ɗaya. A wurinmu da damina ake ɗaure dabbobi. Da zarar an gama kawar da amfani, sai a sake su, kowace akuya ta nemi abincinta inda Allah ya ajiye mata. Kuma a wannan shekara, a ganin awakin garuruwa da dama, Allah a filin Kunamu ya ajiye.

Na Inna Falta ne suka fara zuwa, don ita ta fi kowa awaki. Uwaisu ya je har gida.

"Inna, ki ɗaure awakinki."

"Da rani?"

"Suna shiga filin wasa."

"To su ma wasa suke."

"Inna, wannan fa maganar ci gaban gari ce."

"Ɗan nan, tun da aka haife ni ban taɓa ganin akuya a turke da rani ba. Kai ka shimfiɗa tuwo a hanya, sannan ka zo kana cewa a rufe wa masu wucewa ido. In kana da abin tsaro, ka yi shinge kamar kowane mai lambu."

"Ba lambu ba ne."

"Je ka gaya wa bunsuruna."

Aka yi shingen ƙaya. Bunsurun Inna Falta ya duba shi kwana ɗaya, ya gano inda ya fi gajarta, ya koya wa sauran. Daga nan atisaye ya tsaya cak. Ba inda za a yi shi ma, tun da filin yana shan ruwa. 'Yan baya suka koma ban-ruwa, 'yan gaba suka koma korar awaki. Ikrima kuwa ya yi suna. Mutumin da ƙwallo take bi ta tsakanin ƙafafunsa tana sallama, sai ga shi yana tashi sama yana cafke ɗan akuya da hannu biyu. Uwaisu ya ce dama tsarin horon ke nan, a wani littafi ya gani.

Duk wannan abu Baba Abdulhadi yana kan kujerarsa a bakin rijiya. Da safe ya zo, sai azahar. Wani lokaci ya tashi ya tsuguna, ya murza ganye tsakanin yatsu, ya koma ya zauna.

Najib ya ja Uwaisu gefe. "Koci, ba na son irin kallon da Baba yake yi wa filin nan."

"Sha'awar ƙwallo ce ta kama shi."

"Jiya tambayata ya yi yawan man da injin nan yake sha."

"Ka gani? Har yana son ya taimaka."

Ranar wasa ta matso, amma awaki sun cinye gaban ragar gabas ƙarƙaf. Uwaisu ya buga wa Malam Abdulkabir waya ya ce a ɗaga. Aka ɗaga. Gabas ta farfaɗo, sai Uwaisu ya ga koren bai kai na talabijin duhu ba, ya zuba mata takin zamani da hannu sake, ya sake buga waya.

Malam Abdulkabir ya ce, "Malam Uwaisu, mu fa ƙasa kawai muke so mu gani."

"Ranka ya daɗe, ƙasa ce kaɗai abin da ba za ka gani ba."

Aka sake ɗagawa. Alkama ta ji ruwa, ta ji taki, ba wanda ya gaya mata cewa ciyawa ce. Ta wuce idon sawu. Ta wuce ƙwauri. Ta yi ciki. Ana saura mako biyu wasa ta fidda kai, zangarniya reras, iska na kaɗa ta.

Ana gobe wasa da hantsi Uwaisu ya raba wa 'yan wasa lauje. "A Turai da inji ake aske shi. Mu za mu yi da hannu. Ku bar tsawon ɗan yatsa."

Suka jeru a bakin fangali. Ba wanda ya sunkuya.

Ikrima ya ce, "Koci, ta yi kai fa."

"Ina da ido. Ku aske."

"Wallahi hannuna ba zai iya ba. Saura ƙiris ta nuna."

"Ciyawa ce!"

Najib ya tsinko zangarniya ɗaya, ya matsa ƙwayar, farin ruwa ya fito. Ya nuna wa sauran. "Koci," ya ce, "in babana ya ji na sa lauje a ɗanyen abinci, ba ni ba kwana a gidan nan."

Uwaisu ya fizge lauje ya ce zai nuna musu. Ya damƙi alkama ya ja. Abin da ya yanko bai cika tafi ba, kuma rabinsa gefen wandonsa ne. Wasu mata da suka dawo daga ɗiban ruwa suka ajiye tulu suka ɗau salati. Daga bakin rijiya Baba Abdulhadi ya yi gyaran murya sau ɗaya tak.

Uwaisu ya ajiye lauje. "Na sake tsari," ya ce. "A barta haka. Doguwar ciyawa tana gajiyar da baƙi. Sirri ne, kada ku faɗa."

Ranar wasa bayan la'asar gari ya fito kaf, har da na maƙwabta. Motar 'yan Bici ta iso, suka sauko da jesi iri ɗaya da takalma masu ƙusa. Malam Abdulkabir ya sauko da usur a wuya da ƙwallo sabuwa a hammata. Uwaisu ya ari lasifikar mai tallan magani, ya yi jawabi. Ya ce yau tarihi zai tsaya ya huta a Tsamiyar Kolo. Ya ce daga nan sai Kano, daga Kano sai inda jirgi ya ga dama. Sannan ya ba da umarni a janye shingen ƙaya ta gefen yamma, baƙi su shiga.

Aka janye. Baƙi suka tsaya.

Kyaftin ɗin Bici ya ce, "Sannunku da aiki. Ina filin?"

"Kana kallonsa."

"Wannan ai gonar wani ce."

"Haka yake wa wanda bai saba ba."

Wani ɗan bayansu ya tsuguna ya shafa zangarniya. "Kai, ta yi kyau. Wane iri ne wannan?" Najib ya fara yi masa bayani, sai da Uwaisu ya harare shi.

Malam Abdulkabir mutum ne mai bin ƙa'ida, tun da ya zo sai ya gwada. Ya bi ta kan kunya a hankali har tsakiya, ya ajiye ƙwallo. Ƙwallo ta ɓace. Ya ɗago ta, ya ɗora a kan kunya, ta gangara ta sake ɓacewa. 'Yan wasa suka shigo, kowa yana bin kunya yana ɗaga hannu kamar mai tafiya a kan katanga. 'Yan Bici ma 'ya'yan manoma ne. Ba wanda ya ce musu kada su taka, ƙafarsu ce ta ƙi. Aka busa usur. Samari majiya ƙarfi, ƙungiya biyu, kowa tsaye a kan kunyarsa kamar balbela, suna kallon juna.

"Ku shiga!" in ji Uwaisu ta lasifika. "Najib, kai hari!"

"Ta ina, Koci?"

"Ta tsakiya!"

"Magudana ce."

Inna Falta ta ɗaga murya daga cikin mata. "Koci, ko a kawo musu tsani?"

Uwaisu ya jefar da lasifika. Ya ce zai nuna wa duniya yadda ake yi. Ya naɗe wando, ya ja da baya, ya sheƙo da gudu. Ya tsallake kunya ta farko. Ta biyu ta kama masa ƙafa. Ya tashi sama, ya yi iyo kaɗan a iska, ya sauka da fuska a cikin magudana. Ashe ranar ban-ruwa ce, kuma Najib bai ga dalilin da zai sa alkama ta kwana da ƙishi saboda wasa ba, ya sakar mata ruwa tun safe. Da Uwaisu ya ɗago, ido kawai ake gani. Ya hura usur, laka ta fito.

A daidai nan bunsurun Inna Falta ya lura an bar yamma a buɗe. Ya shigo, jama'arsa na biye.

Abin da ya biyo baya shi ne wasa mafi kyau da aka taɓa yi a filin nan. Kyaftin ɗin Bici ya yi ihu, "Awaki!" Ƙungiyoyi biyu suka haɗe. Na Bici suka tare hagu, Kunamu suka rufe dama, ana ba juna hannu ana kiran suna, kuma duk a kan kunya, ba wanda ya karya ko kara ɗaya. Ikrima ya yi tsalle ya cafke bunsurun a iska. Jama'a suka ɓarke da tafi. Malam Abdulkabir da kansa ya tafa.

Da aka mayar da shinge, Baba Abdulhadi ya tashi daga kujerarsa. Ba a saba jin muryarsa a taro ba, saboda haka kowa ya kasa kunne.

"Uwaisu, zo nan."

Uwaisu ya zo yana ɗigar laka, ya durƙusa.

"Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Baba." Ya waiwayi jama'a don su shaida.

"Ni da ubana da kakana mun bar gonar nan tana barci rabin shekara, muna cewa ba ruwa. Kai ka tashe ta. Wannan alkama, in ta nuna, 'yan wasanka su yanka, a raba da su, don sun wahala. Baɗi in Allah ya kai mu, alkama gabas, albasa yamma, tumatir a bakin rijiya."

Aka ce, "Allah ya kai mu."

Uwaisu ya share ido. "Baba, ƙwallon fa?"

"Wace?"

"Filin. Da rani ai namu ne."

"Naku ne in gona ba ta da aikin yi. Ka samo mata."

"To kusurwa ɗaya, Baba. Ko ta atisaye."

Baba ya yi tunani, don mutum ne mai adalci. "Wace kusurwa ce ba ta shan ruwa?"

Najib ya ce, "Duk suna sha, Baba. Da kyau muka yi fangalin."

Malam Abdulkabir ya ce zai gaya wa kwamiti gaskiya, cewa bai ga fili ba, amma rabonsa da ganin alkama irin wannan ya daɗe. Kafin ya shiga mota ya roƙi a ajiye masa iri.

Ba a ɗauki Kunamu a gasar ba. Sauran masu gonakin tudu kuwa, da suka ga abin da ya faru, kowa ya kira masu haƙar rijiya, har ya zama yanzu da rani ma ba ka samun inda za ka buga ko langa a Tsamiyar Kolo. Ƙungiyar tana nan ba ta mutu ba. Duk wasanninta a garin wasu take yi, ana cin ta yadda ya sauwaƙa, 'yan wasa su dawo da wuri saboda ban-ruwa.

Uwaisu yana nan a rumfarsa yana liƙin taya. In baƙo ya tsaya shan iska, yakan nuna masa gonar albasar Baba Abdulhadi da sifana, ya ce, "Ka ga can? Gidan Kunamu ke nan. Tun ranar da na gyara filin nan, babu ƙungiyar da ta zo ta ci mu a gida. Ko ƙwallo ɗaya ba a jefa mana ba."

Na bincika, kuma gaskiya ne.